Alƙalamin da Kennedy ya mayar aljihu

Ɗan'uwa mai karatu, ɗauki alƙalaminka ka auna shi a tafin hannu. Bai kai nauyin goro ɗaya ba. To, saurari labarin wani irinsa.

A watan Oktoba na 1962, jirgin leƙen asiri na Amurka ya ɗauko hotuna a tsibirin Kuba. Aka ga Rasha tana kafa makamai masu linzami, masu ɗaukar bom ɗin nukiliya. Tsakanin Kuba da gaɓar Amurka kuwa kamar kilomita 150 ne. Bom ɗaya irin wannan yana iya share babban birni kafin a gama shan fura.

Manyan sojoji suka ce wa shugaba John Kennedy a kai hari. Ya ƙi. Ranar 23 ga wata ya sa hannu a wata takarda. Takardar ta ce jiragen ruwan Amurka su tsare hanya, kada a ƙara shigar da makamai Kuba. Ko sunan abin sai da aka tauna shi. Ba a ce an yi wa Kuba ƙawanya ba, don wannan kalmar yaƙi ce. An ce killacewa, kamar yadda ake ware garke mai ciwo.

Shugabannin Amurka sun saba raba alƙalamin da suka sa hannu da shi, a riƙe don tunawa. Wannan kam Kennedy bai ba kowa ba. Aljihu ya sa shi.

Ga tambayata gare ka. Da an yi yaƙin, alhakin wa ne? Na mai sa hannu, ko na mai harbi?

Wani zai ce na shugaba ne shi kaɗai, soja umurni ya bi. Ni ban yarda da wannan duka ba. Ranar 27 ga wata, jiragen da takardar nan ta tura suka rutsa wani jirgin Rasha mai tafiya ƙarƙashin teku. Akwai makamin nukiliya a cikinsa. Kyaftin ɗin ya zaci an fara yaƙi, ya so harbawa. Wani hafsa, Basili Arkipof, ya ce bai yarda ba. Kennedy bai san shi ba, bai ma san jirgin yana ɗauke da wannan makami ba. Ka gani, takarda in ta bar tebur, mai ita ba ya iya binta ko'ina. Nauyinta sai ya rabu a kan mutane da yawa, kowa da nasa kason.

Amma wannan bai wanke mai alƙalami ba. Shi ya tura su. Ina jin Kennedy ya san haka, shi ya sa bai mayar da abin kyautar biki ba.

Ranar 28 shugaban Rasha, Kurushef, ya ce zai kwashe makamansa. Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kuba ba. A asirce kuma ta yarda ta janye nata makaman daga Turkiyya, ta janye su a 1963.