Wanda Ya Yi Lamuni, Wuyansa Ya Ɗauka

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, titin kwalta da ya ratso Gidan Rumji ya bi ta Maradi da Cadawa, ya wuce Agye da Gazawa har Tasawa, shi ne hanyar abincin da yawa daga cikinmu. A bisa wannan titi ne jandarma ke tsayar da ɗan kabu-kabu marar hular kwano, da direban da ya yi lodi fiye da kima ko asiransinsa ya mutu. Ƙasarmu ta sake dokar hanya a 2014, an ɗora tara a kan irin waɗannan laifuffuka. Wanda ya biya ya karɓi takardar shaida, ya fita. Wanda ya naɗe kuɗi ya miƙa a ɓoye, rashawa ya bayar, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya la'anci mai ba da ita da mai karɓarta.

To amma abin da ya fi nauyi shi ne ranar da tsautsayi ya gitta, aka kaɗe mutum, magana ta kai gaban alƙali. Sai dangi su taru, a roƙi sakin wucin gadi, a ajiye kuɗin beli, dattijo ya tsaya ya ce shi zai kawo yaron. Alƙali ya saka rana. Ranar ta zo, yaro ya tsallaka Najeriya cirani, ko a ce damina ce, yana gona.

Ku sani, alƙali na da ikon ya ba da umurnin a kamo shi a mayar gidan kaso, ya kuma yanke hukunci a bayan idonsa. Wani kashi na kuɗin da aka ajiye ya zama na gwamnati, alhali ta yiwu akuyar mahaifiyarsa aka sayar aka haɗa shi.

Kada wani ya ce ai wannan dokar Nasara ce. Malamanmu na Malikiyya sun kasa lamuni gida uku: lamunin dukiya, da lamunin fuska, wato alkawarin kawo mutum, da lamunin nemo shi. Ibnu Abi Zaidin ya bayyana a cikin Risala cewa wanda ya lamunci kawo mutum bai kawo shi ba, shi zai biya abin da ake bin sa, sai fa idan tun farko ya sharɗanta ba zai biya ba. Wannan littafi muna karanta shi a zaurukanmu, amma mun mai da lamuni kamar gaisuwa.

Ku duba Suratu Yusuf. Annabi Yaƙubu (A.S.) bai saki ƙaninsu ba sai da 'ya'yansa suka yi masa alkawari da Allah za su dawo da shi. Da aka tsare yaron a Masar, babbansu ya ƙi barin ƙasar saboda kunyar wannan alkawari. Suratul Ma'ida ma da umurnin cika alkawura ta fara.

Ya kai matashi, wanda ka kaɗe yana kwance yana jiran haƙƙinsa, dattijon da ya tsaya maka kuma an kira shi maƙaryaci a gaban hukuma. Gobe ɗan maƙwabcinka zai nemi mai lamuni a unguwa ya rasa. Idan ciwo ko rasuwa ta hana ka, aika wa kotu uzurinka kafin ranar. Idan ba ka iya karanta Faransanci ba, kai takardar sammaci a karanta maka tun ranar da ta iso.

Kai kuma dattijo, tambayi yaron ina zai kwana har ranar shari'a, ka riƙe ranar da kanka, ka raka shi.