Zato kafin haɗuwa

Muridi yakan shekara yana jin muryar wani ɗan'uwa ta wayar salula, bai taɓa ganin fuskarsa ba, amma ya riga ya yanke masa hukunci. Mai gajarta magana a ce girman kai gare shi, mai yawan gyara karatu a ce neman suna yake.

Sai Maulidi ya haɗa su a Kiota. Na Maraɗi ya tarar da wancan na Tawa yana ɗebo wa baƙi ruwan alwala, yana shimfiɗa musu tabarmi. Ashe kunya ce ke hana shi dogon zance.

To, sauya ra'ayi a ɓoye ya wadatar? Malamai sun rarrabe. Zaton da ya tsaya a zuciya, tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa na wanke shi. Wanda ya fito ta harshe kuwa ya taɓa mutuncin wani: sai a nemi yafiyarsa, a kuma gyara sunansa a gaban waɗanda suka ji. Aya ta 12 a Suratul Hujurati ta jera zato da bin diddigi da giba, domin ɗaya ke haifar da ɗaya.

Ganin ido ma ba ya kaiwa ga zuciya. Annabi Musa (AS) da idonsa ya ga Halliru ya huda jirgi, hikimar ta ɓuya masa. Abin da ya kamaci muridi shi ne ya tuhumi ransa, ya kyautata wa ɗan'uwansa zato tun kafin su gaisa.

Allah Ya tsarkake zukata, albarkacin Annabi (SAW).