Mutuwar Jarirai: Ƙaddara Ce Ko Sakacinmu?

 

Ya kai ɗan'uwa matashi, na san ka sha tsayawa a sahun jana'izar jariri. Mutum ɗaya ke ɗaukarsa a hannu, ba a neman makara, kafin hantsi an gama an dawo. A ƙofar gida sai ka ji ana cewa, "Kwanansa ne ya ƙare." Maganar gaskiya ce, babu Musulmin da zai yi jayayya da ita. Amma ina so ka tsaya mu duba tare: shin faɗinta ya wanke mu a wurin Allah?

A binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya cikin 2018, an samu cewa daga cikin yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba su kai shekara biyar ba. Wannan na ƙasa baki ɗaya ke nan. Da aka rarraba, Arewa maso Yamma 187 ne, Kudu maso Yamma 62. Jihar Kebbi 252, watau ɗaya cikin huɗu, jihar Ogun kuwa 30. To, ɗan'uwa, Ubangijin da ya rubuta ajalin ɗan Ogun shi ya rubuta na ɗan Kebbi. Abin da ya raba su sababi ne da ido ke gani: irin ruwan da ake sha, da nisan asibiti, da karatun uwa, da abin da ya rage a rumbu idan damina ta yi tsakiya. Kuma mafi yawan abin da ke ɗauke su sanannu ne, zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon haƙarƙari, sai tamowa da ke raunana yaro har ƙaramin ciwo ya kayar da shi.

Dubi abin da ya faru a Zamfara cikin 2010. Zinariya ta yi tsada a duniya, noma kuwa ba ya riƙe gida shekara. Sai mutanen ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, a ƙaramar hukumar Anka, suka dinga haƙo duwatsu suna kawowa cikin gari, ana niƙawa a inji, ana dakawa a turmi a tsakar gida, nan inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baka. Ashe duwatsun cike suke da dalma. Yara suka kama amai da jijjiga, aka yi ta binnewa. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, aka gwada jini, sa'an nan aka gane guba ce. Yara fiye da 400 suka rasu a yankin. Waɗannan iyaye fa ba ƙin 'ya'yansu suke yi ba, abincinsu suka fita nema. Talauci ya shigo da dutsen cikin gida, rashin sani ya bar shi kusa da yaro. Bagega kuwa sai 2013 aka saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, yara na kwana a kanta duk tsawon jiran nan. Wa zai ce babu mai amsa tambaya a kan wannan ranar hisabi?

Malaman tarihi sun kawo cewa wata rana ayarin fatake ya sauka a Madina, Sayyidina Umar da Abdurrahman ɗan Aufu, Allah ya yarda da su, suka kwana suna gadinsa. Cikin dare Umar ya dinga jin kukan yaro, ya je ya yi wa uwar magana har sau uku. Ita kuwa ba ta gane shi ba, sai ta gaya masa cewa yaye shi take yi da ƙarfi tun lokaci bai yi ba, domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Da asuba kuka ya hana mutane fahimtar karatunsa. Da ya sallame ya sa aka yi shela kada kowa ya gaggauta yaye, an yanka wa kowane jariri rabo tun daga haihuwa, ya kuma aika da wannan umurni zuwa lardunan Musulmi. Lura da kyau. Da farko uwar ya zarga, da ya bincika sai ya tarar da dokarsa ce ke sa yaron kuka, kuma dokar ya gyara. Umar bai fi mu rashin imani da ƙaddara ba, ya fi mu nesa ba kusa ba.

Mu kuwa idan mace ta binne na biyu da na uku sai mu ce wabi take yi. A sa wa na gaba Ajuji ko Ajefas, wai don a ruɗi mutuwa, a tafi wurin boka, a ƙarshe a ɗora wa wata tsohuwa maita. Duk wannan wahala, ba wanda ya leƙa rijiyar gidan ya ga taku nawa ne tsakaninta da masai. A wasu gidajen har yau ana matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne, alhali shi ne kariyar farko da Allah ya tanadar wa jariri a jikin uwarsa.

Kada ka ce wannan sha'anin mata ne. Kai ne za ka zama maigida gobe, in ma ba ka zama ba. Sau nawa yaro ke kwana yana gudawa, uwar na zaune ba izinin fita, ba kuɗin mota, maigida na kasuwa ko majalisa? Garin gishiri da sukarin nan na asibiti da ake kaɗawa a ruwa mai tsabta bai kai kuɗin shayin da kake sha da abokai ba. Mutum zai ci bashi ya sayi ragon suna mai ƙaho don a gani a faɗa, amma awon ciki ya ce ba hali.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, nan ne jama'a ke shigowa. Ku da kuke iya haɗa kuɗi ku sayi lasifika ku shimfiɗa darduma, kuna iya gyara famfon unguwa da ya shekara a lalace, ku yashe kwatar da sauro ke haihuwa ciki. Kuna iya tsayar da mai mota ɗaya wanda kowace mace ta san za ta buga masa ƙofa da tsakar dare, a biya shi daga asusun masallaci. Idan mai neman ƙuri'a ya zo gaisuwa bayan sallar Juma'a, kafin ku karɓi buhun shinkafarsa ku kai shi ɗakin shan maganin garinku ya ga ko akwai ungozoma a ciki.