Dodon Oga a Bikin Halowin

An yi wata malama 'yar ƙasar Ayalan da ta je Japan ƙarƙashin shirin JET, wanda tun 1987 yake ɗauko matasa daga ƙasashen waje su taya koyar da Turanci. Aka tura ta wata ƙaramar firamare a Oga, can arewa a lardin Akita, garin da tsofaffi suka fi yara yawa.

Da watan Oktoba ya kama, shugaban makaranta ya ce mata tunda Halowin daga ƙasarsu ya samo asali, ita za ta tsara wa yara bikin ranar 31 ga wata. Ta zauna ta rubuta jerin shigar da aka yarda da ita: mayya, fatalwa, mai shan jini, kabewa. Kowane yaro zai fito ya faɗi da Turanci ko shi wane ne, a ba shi alewa. Iyaye suka yi ta tururuwa zuwa shagunan da ake sayar da komai yen 100.

Ranar biki ɗakin wasanni ya cika da mayu da fatalwowin roba, sai ka ce 'yan tashe. Can sai ga wani yaro ɗan aji huɗu ya shigo lulluɓe da rigar karan shinkafa, da jar fuskar dodo ta kwali, da wuƙar katako a hannu. Duk inda ya taka, kara na zuba a daɓen da yaran suka goge da hannunsu. Kakansa ne ya saƙa masa da karan girbin bana, kuma tsohon na tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu.

Kowa a Oga ya san wannan shiga. Namahage ke nan, dodannin da ke bin gida gida daren 31 ga Disamba suna ruri, suna tambayar ko akwai malalaci ko yaro mai yawan kuka. A 2018 UNESCO ta saka al'adar cikin jerin al'adun gado na duniya, amma samarin da za su sa rigar sai ƙaranci suke yi.

Mataimakin shugaba ya matso yana dafe da goshi, don tun safe kansa ke sarawa. Ya ce wannan ba ya cikin jeri, lokacinsa bai yi ba, ga shi yana ɓata daɓe. Ya ce wa malama amma bikin na ƙasarsu ne, ita za ta yanke hukunci.

Malama ta dubi takardar da ke hannunta. A jakarta akwai farin zanen fatalwa da ta ajiye don wanda ya manta. Minti ɗaya ya isa a tuɓe yaron a yafa masa, kowa ya huta. Ta dubi tsohon, shi kuwa ƙasa yake kallo. Sai ta tuna a yammacin Ayalan ma samari kan rufe jiki da fuska da kara su faɗo gidan biki ba gayyata, a yi musu maraba. Ta tuna kabewar da ta rataye ko'ina ma, a Amurka ta shiga bikin. Ashe duk ɗakin, rigar yaron ce kaɗai kakarta za ta gane.

Ta ninke takardar ta sa aljihu. Ta ce wa mataimakin gaskiyarsa ce, ba a sa Namahage a layin karɓar alewa, don shi ba roƙo yake zuwa yi ba. Ta ja yaron gefe ta koya masa yadda ake tambaya da Turanci ko akwai malalaci a nan, ta sake shi.

Yaron da bai taɓa ɗaga murya a aji ba ya yi ruri har tagogi suka amsa. Mayu suka watse, fatalwowi suka ɓuya bayan malamai, kowa na rantsuwa da Turanci cewa shi ba malalaci ba ne. Da dodo ya iso gaban mataimakin shugaba, shi ma sai da ya amsa.

Da aka tashi shara, tsohon ya ce a bar karan tukuna, don wanda ya faɗo daga jikin Namahage lafiya yake kawowa, har ɗaura shi ake yi a ka. Yara suka hau wawaso. Ku kuwa da kun leƙa ofis da yammacin nan, da kun iske mataimakin shugaba yana sa hannu a takardu, da kara ɗaure a goshi.