Ruwan cikin dutse na wane ne?

Kai mai karatu, wataƙila ka taɓa jin labarin duwatsun Abzin, arewa da Agadas. Can ne Bagazan yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasarmu Nijar, metir 2022. Tun kaka da kakanni da ƙafa da jaki ake hawansa.

Shekarun baya, baƙi na zuwa daga Faransa da sauran ƙasashen Turai, kowa da jakarsa a baya. Su yi kwana da kwanaki suna tahiya cikin duwatsun nan, Ba'abzine na nuna musu hanya. Ba fatauci ba, ba kiwo ba, kallo kawai. Tun tawayen 2007 zuwansu ya ragu ƙwarai. Amma ga tambayar da ta shafe su, ta shafe ka.

Bayan damana ruwa na tsayawa cikin kogon dutse, ya yi watanni bai ƙafe ba. Matafiyi ya iso, ya gaji, ya duba gabas da yamma, babu kowa. Yana da iko ya yi abin da ya ga dama?

Wani zai ce ruwa na Allah ne. Gaskiyarsa. Babu mai hana ma mai ƙishirwa sha, ko cika salkarsa. Amma shiga ciki da sabulu fa? Ruwan nan ba ya gudu kamar gulbi. Abin da ka zuba, nan zai zauna. Gobe wata yarinya za ta zo da awakinta daga nesa, don ta san da wurin. Ba ta nan lokacin da ka iso, amma ruwanta ne.

A 1988 gwamnati ta keɓe wani yanki na Abzin da Tenere don tsare namun daji da itatuwa. Ya fi murabba'in kilometir 77.000. Wane ma'aikacin gandun daji zai iya zagaye wannan? Doka na takarda, kai kana bakin ruwa kai kaɗai.

Maganar icce ta fi wuya. Daren hunturu bisa dutse sanyi na shiga ƙashi, dole a hura wuta. Ɗanyen icce, kowa ya san ba a sara. To busasshen fa? Shi ma wata mata ke jira don girkinta. A ganina, wanda ya zo kallo haƙƙinsa bai kai na mazaunin wurin ba. Ya tsinci wanda zai dafa abinci da shayi, ya kashe wutar, ya shiga bargonsa.