Lafiyar Aro

Wata goma sha huɗu ke nan rabona da ganin jini a bayan gida, wata tara kuma rabona da haɗiyar ƙwayar mesalazin. Ni na dakatar da ita, ban shawarci kowa ba. Makon jiya likita ta ce mini, "Malam, ka koma kan maganinka." Tun ranar nake juya tambaya ɗaya: me ya wajaba a kan mai lafiya game da ciwon da ba ya ji?

Ina aji uku a jami'a abin ya fara. Aka ce atini ne, aka ce basir ne, na sha jiƙe-jiƙe har na ƙosa, kafin a zura na'ura a ga gyambon da ya bi fatar cikin babban hanjina. Ciwo ne da magani ba ya kawar da shi, lafawa kawai yake yi. Likitar ta ƙara da cewa kumburin kan ci gaba a ɓoye alhali mutum yana jin garau, kuma idan ya daɗe yana ƙara haɗarin sankarar hanji.

Hujjata ta farko kuɗi ce. Yayana ne ke sayen maganin daga albashin koyarwa, ga ƙanwarmu tana sakandare. Na ce sadaukarwa nake yi. Amma da na titsiye kaina, sai na tarar da wata hujjar a ƙarƙashi, wadda ba ta da wannan kwarjinin: kowace ƙwaya tana tuna mini cewa ni majinyaci ne, ni kuwa so nake in manta. Har yarinyar da nake nema ban gaya wa ba.

Jikina ne, na yarda. To, amma wa zai biya idan cacar ta ƙi ci? Akwai wani ni na baɗi, wanda ba a nemi ra'ayinsa ba. Akwai Inna, wadda ta kwana goma a tabarmar asibiti tana wanke abin da ɗa ke kunyar uwarsa ta gani. Yayan da nake cewa ina tausaya wa ma, kuɗin gado da ƙarin jini a kansa za su faɗa, ban kuma taɓa tambayarsa wanne ya zaɓa ba.

Daren jiya na tambaye shi. Ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce, "Wa ya ce maka na gaji?" Takardar likitar tana aljihuna. Yarinyar ce har yanzu ban san ta inda zan fara mata ba.