Amanar Karatun 'Ya'yanmu: A Fara Shiri Tun Kafin Su Gama Sakandare

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya azurta mu da 'ya'ya, Ya kuma ɗora mana amanarsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Nasiharmu a wannan fitowa ta shafi yaranmu da ke sakandare a Birnin Kebbi da Argungu da kewaye. Kowace shekara sukan gama aji shida, a yi walima, a ɗauki hotuna. Daga nan sai zaman gida. Shekara ɗaya, biyu, yaro na bin majalisa, yarinya na kallon bango. In aka tambayi uwa, sai ta ce, "To, haka Allah Ya so." Gaskiya ne, babu abin da ke faruwa sai da ikon Allah. Amma ki tsaya ki tambayi kanki: mun yi namu kuwa?

Dubi hijirar Manzon Allah (SAW). Shi ne mafi tawakkali a cikin halitta, amma bai bar Makka haka kawai ba. An tanadi raƙuma biyu tun da wuri. An ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ. Sun yi kwana uku a kogon Sauru, Abdullahi ɗan Abubakar na kai musu labari, Nana Asma'u 'yar Abubakar kuwa ita ta ɗaure musu guzuri. Kin ga, har da hannun mace a cikin shirin. Ashe tanadi da tawakkali tare suke tafiya. Wadda ta bar tanadi ta ce ta dogara ga Allah, sakaci ta yi, ta sa masa suna mai daɗi.

Kuma mu mutanen wannan ƙasa ba baƙin ilimi ba ne. A Gwandu Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa yana rubuta littattafai. Shehu Usmanu ya yi kakkausan suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, tana naɗa jajoji su kai karatu ga matan ƙauyuka. Wannan gadonmu ne. Malamai kuma sun bayyana cewa sana'o'in da al'umma ba ta iya rayuwa sai da su, kamar likitanci, farilla ce ta kifaya: in babu mai yi, laifin ya hau kan kowa. Sau nawa muke ƙorafi cewa mun je asibiti awon ciki namiji ne ya duba mu? To 'yar wa muke jira ta zama likita ko ungozoma?

Shirin nan yana farawa ne tun ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, lokacin da ake raba yara zuwa ajin kimiyya, ko adabi, ko kasuwanci. Nan ne mafi yawan kuskure ke aukuwa. Yarinya ta bi ƙawarta ajin adabi, sai a aji shida ta ce aikin jinya take so, alhali ba ta taɓa zama ajin Fiziks da Kemistiri ba. Ki zauna da ɗanki ki ji abin da yake so da abin da yake iyawa. Ki duba sakamakonsa na kowane zango. Ki je makarantar, ko ki roƙi maigida ya je, a ga malamin ajinsu. Ko ba ki yi boko ba, ai kin iya tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata.

Ga abubuwan da ya kamata kowace uwa ta riƙe. Jami'a na neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, a darussan da suka dace da abin da yaro zai karanta, har da Turanci, da kuma Lissafi ga mai son kimiyya ko fasaha. Sai jarrabawar JAMB, wadda ake rubuta darussa huɗu, Turanci da wasu uku. Mai neman likitanci ko jinya, ukun nan su ne Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. In aka cike fom da darussan da ba su dace ba, ko yaro ya ci maki mai yawa, shekarar ta tafi. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta wannan jarrabawa, saboda haka kada ranar jarrabawa ta zama ranar da ɗanki ya fara taɓa kwamfuta. Tun 2021 kuma ba a rajista sai da lambar NIN. Ki tabbatar sunan yaro da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a kowace takarda. Kada a bar mai shagon intanet ya zaɓa wa yaro makaranta da darasi don yana sauri.

Ina za su je? Alhamdu lillahi, ba sai an yi nisa ba. Akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero tun 2006, da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da makarantar jinya da ungozoma a Birnin Kebbi, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, ga ta kiwon lafiya a Jega. A Sakkwato kuma ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kada mu raina kowace. Malamar firamare da ta koya wa yara ɗari karatu, ladanta na gudana. Ɗan Argungu da ya karanta noman shinkafa ko kiwon kifi, fadamar garinsu na jiran iliminsa.

Batun kuɗi kuwa, da sannu ake tara shi. Yadda muke zubin adashi shekara da shekaru don kayan ɗaki, mu ware wani zubin don fom da rajista. A nemi tallafin karatu na jiha. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, wanda babu kuɗin ruwa a kansa, amma bashi ne, a shiga da niyyar biya.

Sai gargaɗi. 'Yar'uwa, ki ji tsoron Allah, kada ki ba da kuɗi a sayo wa ɗanki amsa, ko a kai shi inda ake rubuta wa yara jarrabawa. Manzon Allah (SAW) ya barranta daga mai algus. Wanda ya shiga makarantar jinya da takardar sata, gobe ran wa za a damƙa masa? Wataƙila naki.

In kuma aure ya zo wa 'yarki tana tsakiyar karatu, alheri ne. Ki yi wa mahaifinta magana cikin ladabi, a tattauna zancen ci gaba da karatun da dangin miji tun kafin a ɗaura, kowa ya san abin da ya ɗauka. Sannan kada a yar da Islamiyya saboda boko. Yaron da zai bar gida ya zauna a makaranta, sallarsa da tarbiyyarsa su ne guzurinsa na farko.

Bayan an yi shawara, a koya wa yaro sallar istihara, a bar wa Allah zaɓi. Ke kuma kada bakinki ya gaji da yi musu addu'a, domin addu'ar mahaifa ga ɗansa karɓaɓɓiya ce.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya sa su zama sanyin idanunmu duniya da lahira. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.